Matan Laberiya da Sulhun da Aka Ƙulla a Ankara

 

Kwanakin baya muna karatun Risala da ɗaliban bayan Magariba, sai muka iso inda Ibnu Abi Zaid yake maganar bayar da aminci ga abokin gaba a lokacin yaƙi. Malam ya nuna cewa amincin da mafi ƙanƙantar Musulmi ya bayar yana hawa kan sauran, ya kuma sa mace a ciki, ko da yake ya kawo wani ƙauli da ya rataya abin ga yardar shugaba. Muna cikin fassara sai wani yaro daga baya ya ce, "Malam, ai wannan zancen da ne. Yanzu wace mace ce za ta tsayar da yaƙi?" 'Yan ajin suka yi dariya. Mu kam ba mu yi ba, domin abin da yake tambaya ya faru a nan garin namu, Ankara tamu ta Gana, ba ta Turkiyya ba, a shekarar 2003, kafin a haifi mafi yawansu. Muka yi musu alkawarin za mu rubuta labarin a wannan takarda, don su karanta, iyayensu ma su karanta.

Laberiya ƙasa ce da 'yantattun bayi daga Amurka suka fara sauka a gaɓarta a 1822, suka kuma ayyana ta a matsayin jamhuriya a 1847. Su da jikokinsu, duk da ƙarancinsu, su ne suka riƙe mulki da dukiya har shekara 133, 'yan ƙasa na asali suna kallo. A watan Afrilu 1980 wani ƙaramin soja ɗan ƙabilar Krahn, Samuel Doe, ya kashe shugaba William Tolbert ya hau. Mutane suka yi murna, suna zaton zalunci ya ƙare. Ashe canjin hannu kawai ya yi. Doe ya cika soja da danginsa, kuma bayan wani yunƙurin juyin mulki da aka yi masa a 1985 ya huce haushinsa a kan ƙabilun Gio da Mano na yankin Nimba. Ta wannan yankin ne Charles Taylor ya shigo daga Kwaddibuwa da mayaƙansa a ranar 24 ga Disamba 1989, ya kuma tarar da mutanen da zuciyarsu ta riga ta cika da neman fansa.

A nan ne labarin ya fara taɓa Musulmi. Musulmin Laberiya tsiraru ne, ƙidayar 2008 ta sa su wajen kashi 12 cikin ɗari, mafi yawansu Mandingo da Vai da Fulani. Mandingo 'yan kasuwa ne da masu motocin haya, kamar dai yadda aka san mutanen zango a nan, kuma sun daɗe suna jin irin maganar da mu ma kunnenmu ya saba da ita, wai baƙi ne, wai su koma inda suka fito. Doe ya jawo su jikinsa don ya ƙara ƙarfi, wasu manyansu suka karɓi muƙamai. Da yaƙi ya zo sai talakawansu suka biya bashin. A shingayen hanya suna kaɗai ya isa a kashe mutum. A watan Yuli 1990 mayaƙan Taylor suka shiga garin Bakedu a yankin Lofa suka kashe ɗaruruwan Mandingo. A ƙarshen wannan watan dai sojojin Doe suka shiga cocin St. Peter na Lutheran a Monrobiya, inda 'yan Gio da Mano suka fake, suka kashe kusan mutum 600 a dare ɗaya. Wata guda, masallata da masu zuwa coci, kowa ya samu rabonsa.

Kuma kada wani ɗalibi ya karanta wannan ya ɗauka namu duka waɗanda aka zalunta ne. Da Mandingo suka ɗauki makami a ƙungiyar ULIMO, wadda Alhaji Kromah ya jagoranci ɓangarenta ɗaya, sun yi wa mutanen Lofa abin da baki ba ya son faɗa. Wani kwamandansu, Alieu Kosiah, kotun Suwizalan ta ɗaure shi shekara 20 a 2021. Wani, Kunti Kamara, kotun Faransa ta same shi da laifi a 2022. Sunayen nan irin namu ne. Wanda ya je raɗin sunansu ya ci goro bai san abin da za su zama ba.

Sojojin ECOMOG suka sauka Monrobiya a watan Agusta 1990, kwamandansu na farko ɗan Gana ne, Janar Arnold Quainoo. A watan Satumba Prince Johnson ya kama Doe ya kashe shi bayan azaba. Yaƙi bai tsaya ba, sai ma ƙungiyoyi suka yi ta haihuwar ƙungiyoyi. An sa hannu a Kwatano a 1993, an sa a Akosombo da Ankara a 1994, an sa a Abuja a 1995 da 1996. Manya daga cikinmu za su tuna jirgin ruwan nan Bulk Challenge da ya taso daga Monrobiya maƙil da mutane a watan Mayu 1996, tashoshi suna ƙin karɓarsa, kafin a bar shi ya sauke su a Takoradi. A 1997 aka yi zaɓe, Taylor ya ci da wajen kashi 75 cikin ɗari. Samari suna waƙa a titi cewa ko da ya kashe musu uwa da uba shi za su zaɓa. Ba ƙauna ba ce. Tsoro ne na abin da zai yi in ya faɗi. Shekara biyu kacal sai wata ƙungiya, LURD, ta shigo daga Gini, shugabanta Sekou Conneh, shi ma Mandingo. Yaƙi ya dawo sabo.

Malaman addini ba su yi shiru ba, wannan haƙƙinsu ne a faɗa. Tun 1990 majalisar coci-coci da majalisar Musulmin ƙasar suka kafa kwamitin shiga tsakani, Shaihu Kafumba Konneh yana cikin jagororinsa, kuma shawarwarinsu sun shiga cikin tsarin sulhun ECOWAS na farko. Mata ma ba a 2003 suka fara ba. A 1994 wata malamar makaranta, Mary Brownell, ta tara mata suka kafa ƙungiya, suka biyo taron sulhu har nan Ankara ba tare da an gayyace su ba, suka tsaya a ƙofa har aka gaji aka ba su wurin zama. A 1996, da shugabannin mayaƙa suka kasa yarda da junansu, mace aka ɗora a kan majalisar riƙon ƙwarya, Ruth Perry, 'yar Vai, ita ta riƙe ƙasar har aka yi zaɓe. A shekarar 2000 matan Laberiya da Saliyo da Gini suka haɗa wata ƙungiya ta ƙasashen kogin Mano, Hajiya Saran Daraba Kaba ta Gini tana cikin manyanta. A lokacin Taylor da shugaban Gini Lansana Conté ba sa ga maciji, Conté ya ce ba zai taɓa zama da shi ba. Matan suka bi su ɗaya bayan ɗaya a 2001. An ruwaito cewa tsohuwar nan Mary Brownell ta gaya wa Conté a fuskarsa za ta kulle shi da Taylor a ɗaki ɗaya ta zauna a kan makullin har sai sun dawo hayyacinsu. Fada ta yi tsit. Sai Conté ya fashe da dariya, ya nuna cewa babu namijin da zai gaya masa haka ya kwana lafiya. A farkon 2002 shugabannin uku suka zauna a Rabat ta Maroko. Zaman bai kashe wutar ba, amma ya nuna cewa akwai maganar da uwa ke iya faɗa wa mai mulki wadda minista ba ya iyawa.

To, yanzu mun iso kan waɗanda yaron nan ya sa muka tuna.

Akwai wata ƙungiyar gina zaman lafiya ta Afirka ta Yamma mai suna WANEP, hedikwatarta a nan Ankara take. A 2001 wata 'yar Najeriya, Thelma Ekiyor, ta buɗe mata reshen mata, WIPNET, aka kuma ba wata matashiya, Leymah Gbowee, jagorancinsa a Laberiya. An haifi Leymah a 1972, tana da shekara 17 yaƙi ya fara, ta yi gudun hijira a sansanin Buduburam, wancan da ke gaba da Kasoa a kan hanyar Winneba. (Kasoa ɗin ma ai kasuwa ce, bakin mutanen wurin ne ya lanƙwasa kalmar.) Da ta koma gida ta yi aikin lallashin yaran da aka ba bindiga da ƙwaya tun ba su balaga ba. A 2002 ta fara tara matan coci don addu'a. A wani taro da suka yi a coci sai wata mata ta miƙe ta ce ita kaɗai ce Musulma a wurin, kuma ta yi alkawarin za ta je ta taro 'yan'uwanta mata Musulmi su yi irin wannan. Sunanta Asatu Bah Kenneth, jami'ar 'yan sanda ce. Ta cika alkawari.

Haɗuwar ba ta zo da sauƙi ba. Cikin matan coci akwai waɗanda suka ce zama da Musulmi zai gurɓata musu addini, ga shi kuma ana kallon LURD a matsayin ƙungiyar Musulmi. Cikin Musulmi ma akwai masu ɗari-ɗari, kuma mun fahimce su, domin wanda aka kashe masa dangi saboda sunansu ba ya saurin sakin jiki. Abin da ya warware musu shi ne tambayar da suka riƙa yi wa juna, ko harsashi yana bambance Kirista da Musulmi. Suka tsara aikinsu a kan kwanakin mako: Juma'a bayan an sauko suna ƙofar masallatai, Asabar suna kasuwa, Lahadi suna coci. Mafi yawan matan da suke nema ba su iya karatu ba, don haka sai da baki da zane aka yi musu bayani. Ku lura da wannan, 'yan'uwa, domin darasi ne na aiki: ba su kira mata zuwa ofis ba, su ne suka je inda mata suke.

A watan Afrilu 2003, lokacin da mafi yawan ƙasar ya fita daga hannun gwamnati, kuma wata sabuwar ƙungiya mai suna MODEL ta ɓullo daga kudu maso gabas, matan suka fito zaman dirshan. Taylor ya hana zanga-zanga a titi, sai suka zaɓi wani fili kusa da kasuwar kifi, a bakin babban titin da ayarin motocinsa ke bi safe da yamma. Farar riga, farin ɗankwali, babu ɗan kunne, babu kwalliya, ta yadda ba a gane matar mai kuɗi da mai tallan gawayi. Tun asuba suke zuwa. Rana ta dake su, ruwan Monrobiya, wanda ya fi namu nesa ba kusa ba, ya dake su. Musulmi su yi addu'arsu, Kirista su yi tasu, kowa a kan addininsa. Buƙatunsu uku ne: a tsagaita wuta ba tare da sharaɗi ba, gwamnati da 'yan tawaye su zauna, a kawo sojojin waje su shiga tsakani. Ba su ce wane ya sauka ba, ba su ce wane ya hau ba. A ganinmu wannan shi ne sirrin ƙarfinsu. Da sun karkata ga ɓangare ɗaya da an samu sunan da za a kira su da shi, kuma a ƙasar da ake kisa saboda suna, wannan ya isa.

Ranar 23 ga Afrilu Taylor ya yarda ya gan su. Mata fiye da 2,000 suka taru a fadar gwamnati. Leymah ta karanta takardarsu, ta miƙa ta ga Grace Minor, mace ɗaya tilo cikin manyan gwamnati da ke wurin, Taylor yana zaune yana ji. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne sun gaji da gudu, sun gaji da roƙon abinci, sun gaji da fyaɗen da ake yi wa 'ya'yansu, kuma gobe yaran nan za su tambaye su me suka yi. Taylor ya ce zai je taron sulhu. Saura 'yan tawaye. A nan ne amfanin Asatu da matan Musulmi ya fito fili. Aka tura tawaga zuwa Freetown ta Saliyo inda shugabannin LURD ke taro, matan suka tsaya musu a ƙofar masauki. Waɗanda suke yi wa magana ba baƙi ba ne a wurinsu, 'ya'yan unguwa ne da 'yan'uwan masallaci. Su ma suka ce za su je.

Aka buɗe taro a Ankara ranar 4 ga Yuni 2003. Shugaba Kufuor ne ke riƙe da shugabancin ECOWAS, Dakta Mohammed Ibn Chambas ne sakatarenta, mai shiga tsakani kuma tsohon shugaban Najeriya Janar Abdulsalami Abubakar. A ranar ce kotun musamman ta Saliyo ta bayyana sammacin kama Taylor, ya bar taron ya koma gida, ya bar wakilansa. Matan suka yi karo-karo suka turo kaɗan daga cikinsu, matan Buduburam suka ƙara musu yawa. Matan ƙungiyar kogin Mano suna ciki a kan kujeru, masu fararen kaya suna waje a ƙasa da kwalaye a hannu. Mu da muke samari a lokacin muna jin labarinsu a rediyo, muna ganin hotunansu a jarida, kuma gaskiya ba mu ɗauke su da wani muhimmanci ba. Allah Ya yafe mana.

An sa hannu kan tsagaita wuta ranar 17 ga Yuni, ba a yi mako biyu ba aka karya. Sau uku LURD ta afka wa Monrobiya tsakanin Yuni da Yuli, har mutanen garin suka riƙa kiran hare-haren yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da na uku. Su kuwa wakilai a nan suna otal mai sanyi, ana ba su kuɗin zama, suna jayayya a kan wa zai samu ma'aikatar kuɗi, wa zai samu tashar jiragen ruwa. Mutumin da ya fito daga daji ya samu gado mai laushi da abinci sau uku, me zai sa ya yi gaggawa? A ƙarshen Yuli rokoki suka faɗa kan wani fili na ofishin jakadancin Amurka inda dubban mutane suka fake, jama'a suka kwaso gawarwaki suka jera a ƙofar ofishin. Da labarin ya iso Ankara sai haƙurin matan ya ƙare. Kusan su 200 suka shiga cikin ginin, suka zauna a bakin ƙofar zauren taro, suka sarƙe hannuwansu, suka aika wa Janar Abdulsalami takarda cewa babu wanda zai fita, ba ci ba sha, sai an daidaita. Jami'an tsaro suka zo suka ce za su kama Leymah da laifin hana doka aikinta. Jin kalmar doka daga bakin masu gadin waɗanda suka rusa ƙasa ya sa ta cire ɗankwali, ta ce za ta tuɓe a gabansu. A al'adar can, uwa ta tuɓe da gangan a gaban namiji babbar la'ana ce. Janar Abdulsalami ya fito ya hana ta. Wani daga cikin shugabannin mayaƙa ya yi yunƙurin tsallake matan, suka mayar da shi, ya ɗaga ƙafa zai shure su. Janar ya tsawata masa, ya nuna masa cewa namijin gaske ba ya kashe mutanensa, ya ce ya koma ya zauna. Ya koma. Matan ba su tashi ba sai da aka yi musu alkawarin za a riƙa halartar zama a kan lokaci, a kuma gama cikin makonni biyu.

Mun san akwai abu biyu a wannan labari da za su tsaya wa mai karatu a maƙogwaro, kuma ba za mu zagaye su ba. Na farko wannan barazanar tuɓewa. Ba mu ganin halaccinta, al'aura al'aura ce ko a gaban azzalumi, kuma ba ma koya wa 'ya'yanmu ita. Amma mai hukunci ya dubi wanda ya kai uwa ga wannan hali kafin ya dubi uwar. Mun kuma gode wa Allah da ya sa dattijo Musulmi ne a wurin, ya rufa mata asiri, bai bari abin ya kai ga aikatawa ba. Na biyu, abin da jaridun Turai suka fi so su ambata, wai matan sun ƙaurace wa shimfiɗar mazajensu har sai an yi sulhu. An yi wannan kira, gaskiya ne. Hukuncinsa a wurinmu sananne ne, haƙƙin aure ba abin ciniki ba ne, balle a kan mijin da ba shi ya ɗauki bindiga ba. Ita Leymah da kanta ta faɗa daga baya cewa abin bai yi wani tasiri a aikace ba, sai dai ya jawo hankalin 'yan jarida. Kun ga ke nan wanda ya taƙaita aikin matan nan a kan wannan ya zalunce su. Watanni suka yi a rana.

Sai tambayar da ta fi waɗannan nauyi a wurinmu: shin ya dace mace Musulma ta fita irin wannan fita, ta zauna da waɗanda ba Musulmi ba? Ɗalibanmu sun san abin da ya faru a Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira. An ƙulla sulhu, sharuɗɗan suka yi wa sahabbai nauyi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su su yanka hadayarsu su yi aski, baƙin ciki ya hana kowa motsi. Uwar Muminai Ummu Salama ce ta ba shi shawara ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa, ya kira mai aski. Da ya yi sai kowa ya tashi. Sulhun da Alƙur'ani ya kira buɗi, shawarar mace tana cikin abin da ya tabbatar da shi. A shekara ta 8, ranar buɗe Makka, Ummu Hani 'yar Abu Ɗalib ta ba wani daga dangin mijinta mafaka alhali ɗan'uwanta Aliyu yana neman kashe shi, ta je ta kai ƙara, Annabi ya tabbatar da mafakarta. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa, kuma irinsa ne tushen mas'alar da muke karantawa a Risala. Game da zama da wanda ba Musulmi ba don kare wanda aka zalunta kuwa, ga Hilful Fudul, alkawarin da Ƙuraishawa suka ƙulla kafin aiko Annabi, ya halarta yana saurayi, ya kuma yabe shi bayan Musulunci. Suratul Hujurati ta yi umarni da sulhunta masu faɗa, ba ta ce maza kaɗai ba. Abin da shari'a ke nema ga mace a nan shi ne abin da take nema gare ta a kasuwa da asibiti: sutura, kamun kai, da kada ta shiga ibadar da ba tata ba. Matan Asatu ba su bar sallarsu ba don sun zauna a fili ɗaya da masu waƙar coci.

Ba kuma za mu ce mata kaɗai suka kawo ƙarshen yaƙin ba, tarihi ba ya son ƙari. LURD ta shaƙe Monrobiya, sammacin kotu ya rufe wa Taylor hanyoyi, Amurka ta ce ya sauka ta kuma kawo jiragen yaƙi kusa da gaɓa, shugaba Obasanjo ya ba shi mafaka. Sojojin Najeriya suka fara sauka ranar 4 ga Agusta, Taylor ya miƙa mulki ranar 11 ya tafi Kalaba, aka sa hannu kan yarjejeniyar Ankara ranar 18 ga Agusta 2003, ƙungiyar matan kogin Mano tana cikin shaidu. Amma an sha sa hannu a baya, fiye da sau goma. Bambancin wannan karon, a fahimtarmu, shi ne an samu jama'a masu yawa, marasa makami, waɗanda ba sa neman kujera, da suka ɗauki yarjejeniyar a matsayin tasu suka tsare ta. Yarjejeniyar kanta ba ta da daɗin karantawa, domin an raba ma'aikatu ne tsakanin waɗanda suka yi kisan, sai dai shugabancin riƙo aka ba wani ɗan kasuwa, Gyude Bryant. Matan sun san haka, suka haɗiye, domin a ranar abin da ake nema shi ne a daina harbi. An ƙiyasta mutanen da suka mutu a yaƙin duka wajen 250,000.

Da suka koma gida ba su ninke fararen kayan ba. A watan Disamba 2003 aka fara karɓar makamai a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, shirin ya rikice tun ranar farko, mayaƙa suka yi ta harbi a gari, aka dakatar. Matan suka shiga sansanoni suna yi wa yaran magana, suna kiransu 'ya'yansu, kuma da yawa 'ya'yan nasu ne. Da aka ci gaba a 2004 an karɓi makamai daga mutum fiye da 100,000. A ƙarshen Oktoba 2004, cikin watan azumi, rikici ya ɓarke a wata unguwa a gefen Monrobiya ya rikiɗe ya zama na addini, aka ƙona masallatai da coci-coci, aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita. Cikin 'yan kwanaki wutar ta mutu, ba ta zama yaƙi na uku ba. Sojojin waje sun yi nasu, amma ƙasar ta riga ta samu limamai da fastoci da mata da suka san gidajen juna. A 2005 matan suka bi kasuwanni suna tsare wa 'yan'uwansu kayan sayarwa don su je su yi rajistar zaɓe. Ellen Johnson Sirleaf ta ci, aka rantsar da ita ranar 16 ga Janairu 2006, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka. A 2011 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya tare da Leymah Gbowee da Tawakkul Karman ta Yaman. Sunan Asatu bai shiga ba, haka sunayen matan kasuwar da suka bar tallansu suka zauna a filin nan.

Muna rubuta wannan muna tuna Bawku, muna tuna Yendi a 2002, da yaƙin 1994 a arewa. A zangunanmu akwai magajiyoyi da ƙungiyoyin mata da ke iya tara mutum ɗari biyar don biki cikin kwana biyu, amma idan rikici ya tashi tsakanin samari, ko tsakanin masallaci da masallaci, sai a kira maza zalla a rufe ƙofa, alhali uwar yaron da ya ɓoye adda ta fi kowa sanin inda ya ɓoye ta. Mu limamai muna da laifi a nan, mu ne muke rubuta sunayen waɗanda za a kira.

Shi Taylor an kama shi a 2006 a Gamboru Ngala, kan iyakar Najeriya da Kamaru, yana neman tserewa. A 2012 aka yanke masa shekara 50, yana kurkuku a Ingila, amma a kan abin da ya yi a Saliyo ne, ba a kan Laberiya ba. Hukumar gaskiya da sulhu, wadda Shaihu Kafumba Konneh ya zauna a cikinta, ta miƙa rahotonta a 2009 ta ce a kafa kotu. Prince Johnson ya zama sanata, yana kan kujerar har ya mutu a 2024. A nan gida kuma, a 2008 matan Buduburam sun sake yin zaman dirshan a filin ƙwallo kan makomarsu, wannan karon 'yan sanda suka kwashe ɗaruruwansu. A farkon 2024 aka rushe babban ɓangare na sansanin. A watan Mayu na shekarar ne shugaba Joseph Boakai ya sa hannu kan umarnin buɗe ofishin da zai shirya kotun laifukan yaƙi, shekara 34 bayan Bakedu da cocin St. Peter.